Yadda Dattijo Zai Riƙe Ƙarfin Ƙafafunsa Bayan Shekara 60

A yawancin gidajenmu na Kaduna, da zarar mutum ya yi ritaya ko ya gama aurar da 'ya'ya, sai a ɗauke masa komai. Ya yunƙura zai ɗauko buta, jika ya riga shi. Hajiya ta ɗauki tsintsiya, matar ɗanta ta karɓe tana cewa, "Haba Mama, ga mu a gidan? Zauna ki huta." Biyayya ce da ƙauna, Allah ya saka wa masu yi da alheri. Sai dai tsokar da aka daina sa wa aiki zubewa take yi. Tun daga wajen shekara 30 mutum ke fara rasa tsoka, kashi 3 zuwa 8 cikin 100 a kowace shekara goma, bayan 60 kuma abin ya ƙara sauri. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana sammako zuwa masaƙa a Kakuri, ko yana hawa da sauka a benen ma'aikata, idan ya koma daga tabarma sai kujera, ba a daɗewa za a ga yana miƙa hannu a tayar da shi daga zaman tahiya.

Abin da ya fi kamata a tsare shi ne ƙarfin cinya da ƙafa. Wanda zai iya miƙewa da kansa zai kewaya banɗaki ba tare da an riƙe shi ba, zai yi alwalarsa, zai je jam'i, zai je gaisuwa da suna da jana'iza. Mutuncin dattijo yana rataye da wannan fiye da yadda muke zato. Kuma tsoka tana karɓar horo ko a shekara 80. Ga yadda za a bi.

Da farko, awo biyu

Kada a fara komai sai an auna hawan jini da suga. Cututtukan nan biyu sukan yi shekaru a jiki ba ciwon kai, ba jiri, sai ranar da suka kayar da mutum. Ana awon hawan jini a ƙananan cibiyoyin lafiya na unguwa, balle manyan asibitoci irin su Barau Dikko da Yusuf Ɗantsoho na Tudun Wada. Kafin awo a zauna minti biyar, baya a jingine, ƙafa a ƙasa, kuma kada a ci goro ko a sha shayi cikin rabin awar da ta gabata. Idan awo ya nuna 140/90 ko sama a ranaku biyu daban, hawan jini ne, sai magani da bin umarnin likita. Wanda nasa ya kai 180/110 ya ajiye zancen motsa jiki har a sauko da shi.

Suga kuma da safe ake aunawa kafin a ci komai. Idan ya kai 126, ko 7.0 a wasu na'urorin, a maimaita a asibiti. Mai ciwon zuciya, da wanda ɓarin jikinsa ya taɓa shanyewa, da mai kumburin ƙafa ko ciwon ƙirji in ya yi tafiya, su gaya wa likita ƙarara cewa suna son fara motsa jiki, ya faɗa musu iyakarsu.

Na biyu, a san inda ake

A sami kujera mai ƙarfi marar hannu, a jingina ta da bango don kada ta zame. Kujerar roba ba ta dace ba, ƙafafunta suna buɗewa. Dattijo ya zauna a tsakiya, ya rungume hannuwansa a ƙirji, wani ya riƙe waya yana duba lokaci. Cikin daƙiƙa 30, sau nawa zai miƙe tsaye cak ya koma ya zauna? Ga mai shekara 60 zuwa 64, namiji ya kamata ya kai 14, mace 12. Ga mai 70 zuwa 74, namiji 12, mace 10. Wanda ya gaza haka, ko ya kasa tashi sai ya dafa, ƙafarsa ta fara rauni kuma faɗuwa ta fi kusa da shi. Kada wannan ya karya masa gwiwa. A rubuta adadin da kwanan wata a bayan kalanda, za a dawo kansa.

Na uku, tafiya

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta ce mai shekara 65 zuwa sama yana bukatar aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako. Wato minti 30 sau biyar. Amma wanda ya shekara biyar a zaune ba da 30 zai fara ba. Makon farko minti goma ya isa, biyar zuwa, biyar dawowa. Kowane mako a ƙara minti biyar. Cikin wata ɗaya da 'yan kwanaki an kai 30. Wanda 30 a jere ta yi masa yawa ya raba ta, goma da safe, goma bayan la'asar, goma bayan isha'i a tsakar gida. Duk lissafi ɗaya ne. Sannu ba ta hana zuwa.

Yaya za a gane saurin ya yi daidai? Idan mutum yana iya amsa gaisuwa da 'yar hira amma ba zai iya jan dogon karatu da numfashi ɗaya ba, ya samu. Idan magana ta gagara saboda haki, ya rage. Idan kuwa tafiyar irin ta rakiyar baƙo ce, ya ɗan ƙara.

Lokaci ya danganta da yanayin garin. A watannin Maris da Afrilu, da zafi ke tsananta, bayan sallar asuba ne kaɗai lokacin da zan ba da shawara, ko dab da magariba. A hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, akasin haka ne: sanyin asuba yana ɗaga hawan jini, hazo kuma yana tayar da tari da asma, saboda haka a bari sai hantsi ya dubi ludayi, a rufe hanci da takunkumi ko rawani, a shafa mai a dunduniya saboda kaushi. Da damina jar ƙasa tana santsi, kwalbatoci suna cika har a kasa gane bakinsu. Ranar da aka yi ruwa a yi tafiyar a gida.

Waje mai kyau shi ne shimfiɗaɗɗe, marar cunkoson Keke Napep da babura. Mazauna kusa da Dandalin Murtala sun yi sa'a, da sassafe za su tarar da masu motsa jiki manya da yara. Na Rigasa ko Kawo ko Barnawa ba sai sun shiga mota sun zo can ba. Filin makarantar firamare ta unguwa ko layi mai shiru ya wadatar. Hanya mafi sauƙi ga maza ita ce a zaɓi masallaci mai ɗan nisa don salla ɗaya a rana, a tafi a ƙafa. Inda babu gefen masu tafiya, a bi hannun hagu, ana fuskantar motocin da ke tahowa. Takalmi ya zama mai rufe dunduniya, kambas ko sandal mai maɗauri. Silifas ɗin wanka ya kayar da tsofaffi da yawa.

Iyayenmu mata su ne aka fi mantawa a wannan zance, alhali su ƙashi ya fi yi wa rauni bayan ɗaukewar al'ada. Hajiyar da ba ta fita za ta iya zagaya tsakar gida ana duba mata agogo, tana tasbihinta. Zuwa Islamiyya ko coci a ƙafa tare da maƙwabciya ya fi komai ɗorewa, domin ranar da ɗaya ta ji kasala ɗayar za ta yi mata sallama a ƙofa.

Na huɗu, horar da tsoka, kuma nan ne aikin yake

Mutane da yawa suna ganin tafiya ta wadatar. Tafiya tana gyara zuciya da huhu da suga, amma ba ta dawo da tsokar da ta zube. Wannan sai an sa tsoka ta yi aikin da ya ɗan fi ƙarfin abin da ta saba, aƙalla kwana biyu a mako, da hutun kwana ɗaya a tsakani. Ba a bukatar sayen komai.

A fara da kujerar nan ta gwaji. A zauna gaba-gaba, ƙafafu a ware daidai faɗin kafaɗa, dunduniya ta ɗan shigo ƙarƙashin gwiwa. A sunkuyo kaɗan har hanci ya zo saitin yatsun ƙafa, sannan a tura ƙasa da tafin ƙafa a miƙe. Komawar ita ce mai muhimmanci: a sauka a hankali ana ƙirga ɗaya, biyu, uku, kada a faɗa kan kujerar. Sau 8 zuwa 10, a huta minti ɗaya, a sake. Wanda ya kasa ya ɗora matashi mai tauri don kujerar ta ƙara tsayi, ko ya dafa da hannu ɗaya har ƙarfi ya zo. Wanda abin ya yi wa sauƙi ya rungume jarkar ruwa. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, don haka nauyin yana hannunka: yau lita biyu, bayan wata ɗaya huɗu.

Sai bango. A tsaya nesa da shi tsawon hannu, a dafa da tafuka biyu daidai ƙirji, a lanƙwasa gwiwar hannu har fuska ta kusa taɓa bango, a tura a dawo. Sau goma. Wannan ne ƙarfin da mutum zai tallafi kansa da shi idan ya yi tuntuɓe.

Daga nan a dafa bayan kujera, a ɗaga dunduniya a tsaya kan yatsu, a sauko a hankali, sau goma zuwa goma sha biyar. Sannan a cika robar ruwa biyu, ɗaya a kowane hannu, a ɗaga zuwa kafaɗa, daga kafaɗa zuwa sama idan kafaɗar ba ta ciwo.

Na ƙarshe shi ne sauka ƙasa da tashi, kuma ina roƙon kada a tsallake shi. A shimfiɗa darduma kusa da kujera mai ƙarfi. A dafa kujerar, a sauke gwiwa ɗaya, sannan ɗayar, a zauna. Wajen tashi a juya a durƙusa, a dafa kujera da hannu biyu, a kafa ƙafar da ta fi ƙarfi a gaba, a miƙe. Farkon yi wani ya tsaya kusa. Tsohon da ya iya wannan, ko ya faɗi cikin dare ba kowa, zai tayar da kansa. Mai yin salla a tsaye da ruku'u da sujada yana samun rabonsa na wannan motsi kullum. Wanda gwiwa ta tilasta wa salla a zaune, shari'a ta ba shi dama, amma ya sani motsin da ya rasa sai ya rama shi ta wannan hanya, in ba haka ba gwiwar ƙara sandarewa za ta yi.

A duk waɗannan kada a riƙe numfashi, domin yana harba hawan jini sama. A fitar da iska lokacin yunƙuri. Tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu ba komai ba ne, alamar tsoka ta yi aiki ce. Ciwo mai suka a cikin gaɓa, ko gwiwa ta kumbura ta yi zafi, shi ne ke bukatar a dakata a nuna wa likita. Masu ciwon gwiwa na tsufa sukan ji tsoron motsi, alhali ƙarfafa cinya yana rage wa gwiwa nauyi kuma yana rage ciwon.

Na biyar, tsayuwa daram da gyaran gida

Kusan mutum ɗaya cikin uku na masu shekara 65 zuwa sama yakan faɗi aƙalla sau ɗaya a shekara. Karayar ƙugu a wannan shekaru takan kwantar da mutum watanni, wasu ba sa sake tashi. Shi ya sa ake so a horar da tsayuwa kwana uku a mako. Minti biyar ya isa. A tsaya gefen bango, a haɗe ƙafafu, daƙiƙa goma. Sannan a sa ƙafa ɗaya gaban ɗaya, dunduniya tana taɓa yatsu, daƙiƙa goma, a sauya. Idan wannan ya zauna, a ɗaga ƙafa ɗaya. Hannu yana kusa da bango koyaushe, ana sakinsa kaɗan-kaɗan.

Sauran aikin na 'ya'ya ne. Tayil mai sheƙi da muke so a gidajen zamani, idan ruwan alwala ya zuba a kansa, tarko ne. A shimfiɗa tabarmar roba a banɗaki, a kira mai walda ya kafa ƙarfen riƙewa kusa da masai da wajen wanka, a ajiye 'yar kujera ta wanka. A ɗauke wayar caji da ledar da ta naɗe daga hanya. Tocila ta kwana a gefen filo, tunda ba a san lokacin da za a ɗauke wuta ba, kuma yawancin tsofaffi suna tashi fitsari cikin dare. Idan an farka kada a zabura a miƙe. A zauna a bakin gado minti ɗaya ana motsa ƙafa, musamman mai shan maganin hawan jini, saboda jiri. Sanda ba abin kunya ba ce. Tsayinta ya zo daidai wuyan hannu idan an tsaya hannu a sake, kuma ana riƙe ta a hannun da ke ɗaya ɓangaren ƙafar mai ciwo.

Na shida, kwanon abinci

Tsoka ba ta ginuwa da koko da tuwo kaɗai. Tsofaffinmu da yawa haƙori ya hana su nama, sai su koma kunu safe da yamma. A kowane ci a tabbatar akwai mai gina jiki: ƙosai ko alala da safe, wake da rana, awara, dafaffen ƙwai, kindirmo, kifi, miyar gyaɗa, garin ƙuli-ƙuli a kwaɗon zogale ko rama. Wake ya fi nama araha kuma yana taunuwa. Mai ciwon ƙoda kaɗai ne zai tambayi likita adadin da ya dace da shi. Tuwon dawa da na gero da acca, wadda ake nomawa a kudancin jihar nan, sun fi farar shinkafa da burodi riƙe ciki, amma mai ciwon suga ya kula da girman malmala ko ta mece ce.

Gishiri kada ya wuce giram 5 a rana, ƙasa da cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin miya. Dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne, kuma akwai tukunyar da ake jefa wa shida. A rage sannu a hankali, a ƙara daddawa da citta da tafarnuwa da albasa. Cikin 'yan makonni harshe zai saba. Ƙaramar kwalbar lemo tana ɗauke da suga wajen cokalin shayi takwas zuwa tara, don haka a bar ta sai ranar biki. Ƙishirwa tana raguwa da tsufa ko da jiki yana bukatar ruwa, saboda haka a sha ba sai an ji ta ba. Fitsari ya yi duhu, ruwa ya yi kaɗan. Mai ciwon suga ko ƙoda ya ga likita kafin watan azumi ya kama, a gyara masa lokutan magani ko a gaya masa gaskiya idan ciyarwa ce ta fi masa.

Maganin ciwon jiki

Wannan yana damuna ƙwarai. Dattijo ya ji gwiwa, sai a aiki yaro kemis a ƙullo masa haɗi a leda, ƙwayoyi huɗu ko biyar ba suna. A ciki sau da yawa akwai irin su diclofenac ko ibuprofen ko piroxicam, wani lokaci biyu a haɗe. Shan su kullum yana cin bangon ciki har ya yi jini, yana lalata ƙoda, yana ɗaga hawan jini. Kada a sha ƙwayar da ba a san sunanta ba. Ranar zuwa asibiti a kwashe duk abin da ake sha a leda ɗaya, har da na gargajiya, a nuna wa likita. Maganin hawan jini kuma ba a daina shi don an ji sauƙi. Sauƙin daga maganin yake.

Ido, kunne, da jama'a

Wanda ba ya gani sosai ba zai yarda ya taka ƙasa ba. Mutanen Kaduna suna da gata a nan, domin Cibiyar Ido ta Ƙasa tana Mando, cibiyar kula da kunne ta ƙasa ma a garin nan take. Yanar ido ana cire ta da aiki, gani ya dawo. Hawan jinin ido kuwa yana cin gani a ɓoye kuma abin da ya tafi ba ya dawowa, don haka a duba ido ko da sau ɗaya a shekara, mai ciwon suga kuma kada ya tsallake. Shi ɗin dai ya riƙa duba tafin ƙafarsa kowane dare, kuma kada ya taka ƙasa ba takalmi. Raunin ji yana sa tsoho ya janye daga majalisa saboda kunyar "me ka ce?", daga nan sai kaɗaici da mantuwa su samu ƙofa.

'Ya'ya da jikoki, ku bar wa iyaye wani aiki a hannunsu: ban ruwan zogale, kula da kaji, tsince wake, raka jika makarantar allo. Maimakon "Baba zauna," a ce, "Baba, zo mu taka zuwa bakin titi mu dawo." Ku daidaita takunku da nasu.

Lokacin da za a tsaya nan take

Ciwo ko nauyi a ƙirji, haki da ya ƙi lafawa bayan an huta, jiri, gumi mai sanyi, bugun zuciya ba tsari: a zauna, a nemi asibiti. Mai shan maganin suga ya riƙe dabino uku a aljihu. Idan ya ji rawar jiki da yunwa da gumi, ya ci nan take. Idan baki ya karkace, ko hannu ɗaya ya saki, ko magana ta sarƙe, shanyewar ɓarin jiki ce ke shigowa. Kada a tsaya shafe-shafe ko ɗura wa mutum ruwa, a ɗauke shi zuwa babban asibiti a lokacin, a kuma riƙe ƙarfe nawa abin ya fara domin likita zai tambaya.

Bayan zazzaɓi ko wata jinya da ta kwantar da mutum mako ɗaya ko fiye, a koma da rabin abin da aka saba, a hau a hankali cikin mako biyu. Duk wata uku kuma a jingina kujerar nan da bango, a sake ƙirga daƙiƙa 30, a rubuta sabon adadin ƙarƙashin na baya. Idan ya ƙaru, a ƙara lita ɗaya a jarka. Idan ya ragu duk da ana yin aikin, a kai wa likita takardar ya duba dalili.